Shawulu Ɗan Kish (Ɗalutu): Rayuwar Sarkin Farko na Bani Isra'ila da Mafarin Sarauta a Littattafansu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Shawulu ɗan Kish, wanda Hausawa Musulmi suka sani da Ɗalutu, mutumin da littattafan Bani Isra'ila suka ambata a matsayin sarkinsu na farko. An duba yanayin da ya haifar da buƙatar sarki, da ruwayoyi uku na hawansa mulki, da yaƙe-yaƙensa, da saɓaninsa da Sama'ila da Dawuda, har zuwa mutuwarsa a Dutsen Gilbowa. An kuma waiwayi yadda Alƙur'ani Mai Girma ya kawo ƙissarsa. An gano cewa labarin nasa muhawara ce da aka daɗe ana yi a kan halaccin sarauta da iyakar ikon sarki.

1.0 Gabatarwa

Tarihin Shawulu yana cikin littafin farko na Sama'ila, daga sura ta 9 zuwa ta 31, sai kuma ɗan abin da ya biyo baya a littafi na biyu. Ba a sami sunansa a wani rubutu na dutse ko na laka daga zamaninsa ba, saɓanin gidan Dawuda da aka ambata a wani allon dutse da aka tono a Tel Dan cikin 1993. Yawancin masana suna sanya mulkinsa a ƙarshen ƙarni na 11 kafin Miladiyya (K.M.), wato wajen 1020 zuwa 1000.

Sunayen da ke cikin labarin suna buƙatar bayani ga mai karatu Bahaushe. Fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa suna kiran sarkin Saul ko Shawulu. Annabin da ya naɗa shi kuwa suna kiran sa Sama'ila, sunan da a bakin Hausawa ya fi zama gajarta Isma'ila, alhali mutanen biyu daban ne. Malaman tafsiri suna kiran wannan annabi Shamwilu. A Ibrananci, ma'anar Shawulu ita ce wanda aka roƙa, daga saiwar da ta yi tarayya da kalmar Larabci ta su'ali. Sunan ya dace da mai shi, domin jama'a ce ta roƙi a ba ta sarki.

2.0 Ƙasar Kafin Zuwan Sarauta

Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci Isra'ila shi ne allon Fir'auna Marneftah na wajen 1208 K.M., kuma ya nuna su a matsayin jama'a, ba birni ko daula ba. Binciken kufai ya gano ƙananan ƙauyuka fiye da ɗari biyu da suka tsiro a tuddan tsakiyar ƙasar bayan wannan lokaci, galibinsu ba ganuwa, ba fada. Manoma ne da makiyaya, masu noman alkama da sha'ir da zaitun, al'amuransu kuma suna hannun dattawan zuriya. Idan abokan gaba suka kawo hari, sai wani jarumi ya tashi ya jagoranci ƙabilun da abin ya shafa, yaƙi na ƙarewa ya koma gida. Waɗannan su ne mahukuntan da aka sa wa Littafin Mahukunta sunansu.

Littafin ya nuna an taɓa gwada sarauta ba ta yi armashi ba. An yi wa Gidiyon tayin mulki na gado ya ƙi, bisa hujjar cewa Allah ne mai mulkinsu. Ɗansa Abimelek kuwa ya kashe 'yan'uwansa saba'in, ya yi sarauta a Shekem shekara uku, har wata mace ta jefo masa dutsen niƙa daga kan hasumiya. A nan ne aka kawo tatsuniyar itatuwa masu neman sarki: zaitun da ɓaure da inabi duk suka ƙi barin amfaninsu don yin mulki, ƙaya ce kaɗai ta karɓa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne Filistiyawa. Suna cikin mutanen teku da Fir'auna Ramsis na Uku ya yaƙa wajen 1175 K.M., daga baya suka kafa birane biyar a kudancin gaɓar Bahar Rum: Gaza da Ashkelon da Ashdod da Ekron da Gat. Suna da tsayayyar runduna da karusan yaƙi. A yaƙin Afek sun ci Bani Isra'ila, suka ƙwace Akwatin Alkawari, suka kashe 'ya'yan Eli firist biyu. Nassin ya ƙara da cewa sun hana ƙira a ƙasar Isra'ila, ta yadda mai son wasa bakin garma ko gatari sai ya gangara wurinsu ya biya. Ladan da aka ambata shi ne fim, kalmar da ba a fahimci ma'anarta ba sai da aka tono duwatsun awo masu ɗauke da ita, masu nauyin kimanin giram bakwai da rabi.

A cikin gida ma akwai matsala. Sama'ila ya tsufa, 'ya'yansa Yowel da Abiya da ya ɗora alƙalanci a Biyasheba suna cin hanci. Dattawa suka same shi a Rama suka nemi sarki irin na sauran al'ummai. Ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashe samarinsu zuwa aikin soja, 'yan matansu zuwa girki da haɗa turare, ya ƙwace gonaki mafi kyau ya ba fadawa, ya karɓi ushirin hatsi da dabbobi, a ƙarshe su zama bayinsa. Suka nace.

3.0 Asalinsa da Hawansa Mulki

Shawulu ɗan Kish ne, Kish ɗan Abiyel, daga zuriyar Matri ta ƙabilar Biliyaminu. Garinsa Gibeya ne, wanda masana da yawa suke ganin shi ne tudun Tel el-Ful, kimanin kilomita biyar arewa da Urushalima. An siffanta mahaifinsa da mai hali, shi kuma da kyakkyawan saurayi wanda duk jama'a iyakarsu kafaɗarsa. Ƙabilarsa ƙarama ce, tana tsakanin manyan ƙabilun Ifraimu a arewa da Yahuza a kudu, kuma ita ce ke bakin hanyoyin da Filistiyawa suke bi su hau tudu.

Littafin ya kawo hawansa mulki ta hanyoyi uku. A ta farko, jakunan mahaifinsa ne suka ɓace, ya fita nema tare da wani bara. Da suka gaji, baran ya ba da shawara su tambayi wani mai gani, ya kuma fito da rubu'in shekel na azurfa don goron tambaya. Mai ganin nan Sama'ila ne. Ya karrama baƙon a wurin walima, washegari da sassafe ya zuba masa mai a kai a asirce. A ta biyu, an tara ƙabilu a Mizfa aka yi ƙuri'a, ta faɗa kan Biliyaminu, sannan kan Matri, sannan kan Shawulu, sai aka iske shi ya ɓuya cikin kaya. Wasu suka raina shi, suka ƙi kawo gaisuwa, ya yi shiru.

Ta uku ita ce ta yaƙi. Nahash sarkin Ammonawa ya kewaye Yabesh-gileyad a gabashin Kogin Urdun, ya ce sharaɗin sulhu shi ne ya ƙwaƙule idon dama na kowa. Wani kwafin littafin da aka samu a kogo na huɗu na Kumran ya ƙunshi sakin layi da babu shi a nassin da aka saba da shi, inda ya nuna Nahash ya riga ya yi wa ƙabilun Gad da Ra'ubainu irin wannan aika-aika; masanin tarihi Yusifus ma ya san da wannan bayani. Labari ya iske Shawulu yana dawowa daga gona a bayan shanunsa. Ya yanka shanu biyu gunduwa-gunduwa, ya aika ko'ina, alamar abin da zai sami dabbobin duk wanda ya ƙi fitowa. Ya raba rundunar uku, ya afka wa Ammonawa da asuba, ya tarwatsa su. Bayan nasarar aka tabbatar masa da sarauta a Gilgal, ya kuma hana a kashe waɗanda suka raina shi.

Tun a 1878 Julius Wellhausen, masani Bajamushe, ya nuna cewa waɗannan surori sun ƙunshi muryoyi biyu. Labarin jakuna da na Yabesh suna ɗaukar sarki a matsayin rahamar da Allah ya aiko don ceton jama'a. Labarin Rama da na Mizfa da jawabin bankwana na Sama'ila suna ɗaukar neman sarki a matsayin juya wa mulkin Allah baya. A 1943 Martin Noth ya kawo ra'ayin cewa an tsara littattafan daga Maimaitawar Shari'a zuwa Sarakuna a matsayin tarihi guda bayan rushewar Urushalima a wajen 586 K.M. Idan haka ne, wanda ya haɗa ruwayoyin ya riga ya ga ƙarshen sarautar, ya kuma bar muryoyin biyu kafaɗa da kafaɗa.

Akwai kalmomi biyu da suka cancanci lura. A wurin zuba man an kira shi nagid, wato zaɓaɓɓen jagora, kalmar melek mai nufin sarki kuwa ta fi fitowa daga bakin jama'a. Sannan alamar ɗora mutum a mulki a wurinsu shafa mai ce, daga nan aka sami mashiyah, shafaffe, asalin kalmar Almasihu. Kalmar naɗi ta Hausa daga rawani ta samo asali, don haka mai fassara da ya yi amfani da ita kaɗai zai zubar da ma'anar keɓewa ta ibada, wadda ita ce daga baya ta hana Dawuda ɗaga hannu a kan Shawulu.

4.0 Yanayin Mulkinsa da Yaƙe-yaƙensa

Ayar da ya kamata ta faɗi shekarunsa da tsawon mulkinsa ta sami naƙasu wajen kwafa. Kamar yadda take a Ibrananci, ta ce yana ɗan shekara ɗaya ya hau mulki, ya yi shekara biyu yana sarauta. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba shi shekara arba'in, Yusifus kuma a wani wuri ya ce ashirin.

Sarautarsa ta fi kama da shugabancin mayaƙa. Ba a ambata ya gina fada ko haikali ba, ba a kuma ambaci haraji ko aikin tilas a zamaninsa ba. Ana ganin sa yana zaman fadanci a ƙarƙashin bishiya a Gibeya, mashi a hannu. Shugaban rundunarsa Abner ɗan Ner danginsa ne na kusa, sai Doyeg mutumin Edom mai kula da makiyayansa. Matarsa Ahinowam ce, 'ya'yansa maza sun haɗa da Jonatan da Abinadab da Malkishuwa da Ishba'al, mata kuma Merab da Mikal. Masanin kufai ɗan Amurka William Albright ya yi tono a Tel el-Ful a 1922 zuwa 1923 da kuma 1933, ya gano kusurwar wani kagara na duwatsu da ya danganta da Shawulu, ko da yake masu bincike na baya sun yi jayayya a kan zamanin ginin. Abin lura shi ne, munanan halayen sarki da Sama'ila ya lissafa sun fi dacewa da zamanin Sulemanu, mai karusai da aikin tilas, fiye da na Shawulu.

Babban sabon abin da ya kawo shi ne tsayayyar runduna. Ya zaɓi mutum 3,000, dubu biyu a hannunsa, dubu ɗaya a hannun Jonatan, duk jarumin da ya gani kuma sai ya ɗauke shi, yana saka wa na kusa da shi da gonaki da muƙamai. Jonatan ne ya tsokano yaƙi da ya buge sansanin Filistiyawa a Geba, shi ne kuma ya hau tsaunin Mikmash da mai riƙe masa makamai suka kashe kimanin mutum ashirin, firgici ya watsa sauran. A ranar Shawulu ya rantsar da mayaƙa kada kowa ya ci abinci kafin faɗuwar rana. Jonatan bai ji rantsuwar ba, ya ɗanɗana zuma. Uban ya yanke masa hukuncin kisa, amma mayaƙa suka tsaya kai da fata suka fanshe shi. Wannan ya nuna har a lokacin jama'a tana iya take wa sarki birki. Taƙaitaccen bayanin mulkinsa ya yaba masa da cin nasara a kan Mowab da Ammon da Edom da Zoba da Amalekawa.

5.0 Ɓatawarsa da Sama'ila

Sau biyu annabin ya yanke masa hukunci, duka a Gilgal. A karo na farko, an umarce shi ya jira kwana bakwai har Sama'ila ya zo ya yi hadaya kafin yaƙi. Kwanakin suka cika bai iso ba, Filistiyawa sun yi sansani, mayaƙa suna zamewa har suka ragu zuwa kimanin 600. Gaba kura baya sayaki, sai sarkin ya yi hadayar da kansa. Yana gamawa Sama'ila ya iso ya shaida masa cewa sarautar ba za ta dawwama a gidansa ba. Dawuda da Sulemanu sun yi hadaya daga baya ba a zarge su ba, don haka asalin laifin rashin bin umarni ne, tambayar kuma ita ce wa ke da ikon buɗe yaƙi, annabi ko sarki.

A karo na biyu, an aike shi ya hallaka Amalekawa da duk abin da suka mallaka, ba tare da ɗaukar ganima ba. Ya ci yaƙin, amma ya bar sarkinsu Agag da rai tare da dabbobi mafi kyau. Da aka tuhume shi ya ce don hadaya aka kawo su, daga baya ya amsa cewa tsoron jama'a ya ji. Da Sama'ila ya juya zai tafi, sarkin ya kama gefen rigarsa ta yage, annabin ya mayar da yagewar alamar fizge mulki daga hannunsa. Sama'ila ya kashe Agag da hannunsa, ya koma Rama yana baƙin cikin abin da ya sami mutumin da shi ya naɗa.

6.0 Shawulu da Dawuda

Daga sura ta 16 alƙalamin marubucin ya koma wajen Dawuda ɗan Yesse na Baitalami, wanda Sama'ila ya shafa wa mai a ɓoye. Ruwaya ɗaya ta ce an kawo shi fada ne ya riƙa kaɗa garaya don sanyaya zuciyar sarki idan mugun ruhu ya taso masa. Wata kuma ta ce a Kwarin Ila ya fito fili, da ya kashe Goliyat da majajjawa. Da mata suka fito tarbar mayaƙa da waƙar da ta fifita Dawuda ninki goma, kishi ya kama sarkin. Ya jefe shi da mashi, ya aurar masa da Mikal bisa sadakin da ya yi fatan zai zama ajalinsa, daga bisani ya ƙwace ta ya ba wani. Jonatan, wanda shi ne magaji, ya ƙulla amana da Dawuda, Mikal kuma ita ta sauke mijinta ta taga ya tsere.

Mafi munin aikinsa shi ne na Nob, inda ya sa Doyeg ya kashe firistoci 85 saboda shugabansu Ahimelek ya ba Dawuda gurasa da takobi. Abiyata ne kaɗai ya tsira, ya koma wurin Dawuda. Sau biyu Dawuda ya sami sarkin a hannu, a kogon En-gedi da kuma jejin Zif, bai taɓa shi ba saboda shafaffe ne. Daga nan ya fake wurin Akish sarkin Gat shekara ɗaya da wata huɗu. A 1980 Kyle McCarter ya nuna cewa wannan sashe ya yi kama da rubutun wanke kai na sarakunan da suka hau mulki ba ta gado ba, irin na Hattushili na Uku sarkin Hittiyawa. Ke nan hoton Shawulu mai kishi da taɓin hankali ya iso ne ta hannun waɗanda suka gaje mulkinsa.

7.0 Mutuwarsa da Makomar Gidansa

Yaƙin ƙarshe a Kwarin Yezreyel aka yi shi, filin da karusai ke da rinjaye. Filistiyawa suka yi sansani a Shunem, Isra'ila a Gilbowa. Sama'ila ya rasu, sarkin ya nemi amsa ta mafarki da ta annabawa bai samu ba. Sai ya ɓad da kama, ya tafi En-dor da dare wurin wata mai kiran ruhohin matattu, sana'ar da shi da kansa ya haramta. A can aka sanar da shi cewa washegari shi da 'ya'yansa za su mutu. Matar ta yanka masa maraƙi ta lallashe shi ya ci, ya tashi ya koma fagen fama.

Jonatan da Abinadab da Malkishuwa duk suka faɗi. Maharba suka yi wa sarkin rauni, ya nemi mai riƙe masa makamai ya ƙarasa shi, ya ƙi, sai ya faɗa kan takobinsa. Wani Ba'amaleke ya kai wa Dawuda kambin sarki da awarwaronsa yana cewa shi ya kashe shi, Dawuda ya sa aka kashe shi, ya kuma yi wa Shawulu da Jonatan waƙar ta'aziyya. Filistiyawa suka rataye gawarwakin a ganuwar Bet-sheyan. Alheri danƙo ne: mutanen Yabesh suka yi tafiyar dare guda suka sauke su, suka binne ƙasusuwan a garinsu, suka yi azumin kwana bakwai.

Abner ya ɗora Ishba'al, wanda ake kira Ish-boshet, a Mahanayim, ya yi shekara biyu kafin wasu jami'ansa biyu su kashe shi a kan gadonsa. Daga baya aka miƙa zuriyar Shawulu mutum bakwai ga Gibeyonawa don ɗaukar fansar jinin da ya zubar, Rizfa ƙwarƙwararsa ta yi gadin gawarwakin tun farkon girbin sha'ir har saukar ruwa. Mefiboshet ɗan Jonatan, gurgu, ya zauna a fadar Dawuda. Amma Biliyaminawa ba su manta ba: Shimai da ya zagi Dawuda da Sheba da ya yi masa tawaye duk daga cikinsu suke, bayan ƙarnoni kuma Bulus na Tarsus, ɗan wannan ƙabila, sunansa na asali Shawulu.

8.0 Ɗalutu a Alƙur'ani

Ƙissar tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 246 zuwa 251. Manyan Bani Isra'ila bayan Annabi Musa (A.S.) sun roƙi annabinsu ya naɗa musu sarki su yi yaƙi, saboda an raba su da gidajensu da 'ya'yansu. Da aka ba su Ɗalutu suka yi ƙorafin cewa ba shi da yalwar dukiya, aka amsa musu da cewa Allah ne ya zaɓe shi, ya kuma ƙara masa ilimi da girman jiki. Alamar mulkinsa ita ce dawowar Tabutu. An jarraba rundunarsa da wani kogi, kaɗan suka haye tare da shi, Annabi Dawuda (A.S.) ya kashe Jalutu, aka ba shi mulki da hikima. Wasu malamai sun danganta sunan Ɗalutu da kalmar Larabci mai nufin tsayi. Jarrabawa da ruwa a Littafin Mahukunta ga Gidiyon aka danganta ta. Alƙur'ani bai kawo tsige Ɗalutu ko gabarsa da Dawuda ba, darasin da ya fitar shi ne cancantar shugaba ba ta dogara ga dukiya ba, nasara kuma ba ta yawa ba ce.

9.0 Kammalawa

Shawulu ya tsaya a tsakanin zamani biyu. Ya fara kamar mahukuntan da suka gabace shi, manomi da ya bar garma ya ɗauki takobi, sai aka ɗora masa nauyin kafa abin da ba shi da tsari tukuna: runduna da gado da biyayyar ƙabilu. Ya ceci Yabesh, ya kori Filistiyawa daga tuddan tsakiya na wani lokaci, ya haɗa Gileyad da Ifraimu da Biliyaminu ƙarƙashin jagora guda, a kan wannan harsashi kuma Dawuda ya yi gini. Tambayar da rayuwarsa ta tayar ita ce dokar sarki ta Maimaitawar Shari'a sura ta 17 ta amsa, inda aka hana sarki tara dawakai da mata da zinariya, aka wajabta masa riƙe kwafin doka yana karantawa muddin ransa. Littafin Tarihi na farko, wanda aka rubuta bayan dawowa daga Babila, bai kawo komai daga mulkinsa ba sai asalin zuriyarsa da labarin mutuwarsa a Gilbowa.